Kunnen Aro

A garejin da ke bayan kasuwa doka ɗaya ce, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba. In Yaya ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, kowa sai ya kama bakinsa. Mai faci ya kashe injin iskarsa, mai shayi ya daina kaɗa cokali, mai motar kuwa in tari ya taso masa sai ya haɗiye abinsa. Bayan minti ɗaya ko biyu Yaya zai miƙe ya faɗi ciwon motar, kamar ita ta raɗa masa. Shekara arba'in yana wannan aiki a kan injin dizal, har sunansa na yanka ya ɓace, mutanen gari Mai Kunne suke ce masa.

Yaya kuwa ƙaninsa ne ya fara kiransa haka, sauran 'yan garejin suka ɗauka. Shi ƙanin ana ce masa Ƙarami. Shekararsa hamsin da huɗu, gemunsa ya yi furfura, jikokinsa uku, amma sunan bai ga dalilin sakinsa ba.

Akwai abin da Ƙarami ya sani wanda ba kowa ya sani ba. Kunnen nan da ake ji da shi ya tafi. Ya gane ne shekara biyu da suka wuce, ranar da waya ta yi ta kuka a aljihun ƙirjin Yaya har sau uku, shi kuwa yana tsaye yana yi wa wani direba bayanin wata 'yar ƙara da ba a jin ta sai an natsu. Ƙarami bai gaya wa kowa ba. Ko matarsa bai gaya wa ba, don magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da garejin nan ya gane Mai Kunne ba ya ji, ranar Yaya ya gama, domin ban da kunnen nan ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi ma da wata hira.

Sai ya ɓullo da dabara. In an kawo mota, shi zai fara saurara daga gefe yana goge sifana. In Yaya ya gama kara kunnensa, kafin ya buɗe baki, sai Ƙarami ya zagayo ta gabansa, inda zai ga leɓensa, ya sosa ƙeya.

"Yaya, ni fa ban iya ba, amma wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba nozil na uku ba ne?"

"Sai yanzu ka ji?" in ji Yaya. "Shekara talatin ina fama da kai. Kwance na ukun."

Mutane su yi dariya, a kwance na uku, a tarar shi ne. Ƙarami ya zama wawan garejin, kuma bai damu ba.

Haka ake tafiya har ranar Litinin ɗin da Mai Ƙanƙara ta shigo. Mace ce mai jiki da murya, mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar motar ɗaukar kaya da sana'ar kai wa masu kifi ƙanƙara. Da kanta take tuƙi. Kullum da sassafe take loda manyan sandunan ƙanƙara, ta lulluɓe su da buhu, ta nufi bakin kogi, tafiyar kusan awa ɗaya. Wannan karon babur mai ƙafa uku ne ya jawo ta da igiya, ruwa yana zuba ta bayan motar tun daga titi har cikin gareji.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Ƙarami.

"Riƙe sannunka. Ina yayan naka?"

Ta jera musu laifuffukan motar da yatsu. Da safe sai ta yi kik har batir ya fara nishi kafin ta tashi. In ta tashi ba ta silo, wato ba ta zama a kunne in ba a taka totur ba, sai rawar jiki kamar mai zazzaɓi. In an hau hanya kuma lafiya lau, har a wuce gada, sannan ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu, ta mutu. Kwana goma ke nan.

"Ƙanƙara ba ta jira, Mai Kunne," ta ce da ƙarfi, don ita haka take magana da kowa. "Masu kifi sun ce in na sake kai musu ruwa a buhu, wani za su nema."

Yaya yana da tsarinsa, kuma tsarin bai taɓa canzawa ba. Kafin ya taɓa inji sai ya buɗe murfin tanki ya leƙa, ya shinshina, ko an sayar wa mutum dizal mai ruwa. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce man lafiya yake. Ƙarami a lokacin yana ƙarƙashin wata bas. Da ya fito ya saurari motar, ya ji abin da kowane bakanike zai ji, wato inji mai yunwar mai. Ya zagayo ya yi tambayarsa ta wawaye, Yaya ya zage shi, aka canza filtar mai, aka fitar da iskar da ta shiga bututu. Motar ta tashi da kik ɗaya, ta zauna a silo kamar sabuwa.

"Shi ke nan," in ji Yaya, yana goge hannu.

Washegari babur ɗin nan ya sake jawo ta, ruwa na zuba. Mai babur har ya fara gaisawa da mai shayi kamar sun saba.

Yaya ya buɗe tanki, ya shinshina. Mai walda na maƙwabta yana ta yankan ƙarfe, ba wanda yake jin ko muryar kansa. Aka tarar iska ta sake cika bututu. Aka canza tiyo biyu da suka tsufa, aka ɗaure sauran, aka canza hita don tashin safe, aka wanke nozil. Motar ta tashi tana ta ladabi. Ƙarami ya zagaya kasuwa da ita sau biyu, ko tari ba ta yi ba. Abin ya ɗaure masa kai, domin mota ce da ke warkewa da zarar ta shigo gareji, ta kwanta ciwo da zarar ta ga gada.

Ranar Laraba ba ta kai gadar ba ma. Hajiya ta cika tanki taf da asuba, ta biyo ta bayan kasuwa, motar ta mutu kusan a ƙofar gareji. Mai faci da mai shayi da wasu direbobi uku suka turo ta ciki, injin da zafinsa. Kowa ya tsaya ya ga yadda za a ƙare, don mota ba ta taɓa dawo wa Mai Kunne sau uku ba. Mai walda bai fito ba tukuna. Garejin ya yi tsit.

Yaya ya kama murfin tanki ya murɗa.

Murfin ya ja iska da wata doguwar ƙara, fuuuu, kamar taya ta taka ƙusa, har tankin ya yi ɓam yana komawa daidai. Mai faci, wanda sana'arsa ke nan jin iska, ya ɗago kai da sauri. Direbobin suka dubi juna. Ƙarami kuwa a take ya gane komai. Murfin ba ya numfashi. Inji yana zuƙar mai, iska ba ta shiga tanki ta maye gurbinsa, har a kai inda famfo ba ya iya jawowa, sai dai ya tsotso iska ta gaɓoɓin tiyo. Duk ranar da Yaya ya buɗe ya shinshina, ya warkar da motar da hannunsa bai sani ba, sannan su ɓata yini suna canza abin da lafiyarsa lau.

Yaya ya leƙa, ya shinshina, ya mayar da murfin ya ɗaure. Ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Hannunsa ma da zai iya gaya masa wani abu, fatarsa ta yi kauri, kuma da tsumma ya riƙe murfin.

Wa zai gaya wa Mai Kunne cewa an yi ƙara? Kowa ya ɗauka ya ji, ya auna, ya ga ba komai ba ce. Mai faci ya mayar da kansa ƙasa, da alama har kunya ya ji da ya ɗago.

Aka tayar da motar, Yaya ya kara sukundireba. Ƙarami ya fara zagayowa, amma ya tsaya a rabin hanya. Sauran tambayoyinsa duk a kan 'yan ƙananan ƙararraki ne, irin waɗanda ƙani zai iya tambayar wansa ba a ga komai ba. Wannan kuwa ko akuyar da ke bakin ƙofa ta ji ta. Yana cikin neman yadda zai ɗauko maganar, Yaya ya riga shi.

"Injekta ce," ya ce, da muryar nan tasa da ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan. "Babban famfon. Yau zan kwance shi da hannuna. Kwana biyar, Hajiya."

"Kwana biyar!" Ta dafe ƙirji. "Mai Kunne, ka tabbata?"

"In ba ita ba ce, ku canza mini suna."

Direbobin suka gyaɗa kai. Hajiya ta zauna a kan benci. Kwana biyar ya ishi masu kifi su manta da kamanninta.

Ƙarami ya bi Yaya cikin rumfar kayan aiki. Ba kowa a ciki sai su biyu da tsofaffin batura. Ya tsaya a gabansa, inda zai ga leɓensa. Yaya ya ɗago yana jira. Idonsa ya yi ja, ga alama shi ma motar nan ta hana shi sukuni. Ƙarami ya dubi mutumin da ya riƙe shi tun yana ɗan shekara tara bayan rasuwar mahaifinsu, wanda ya koya masa riƙon sifana, ya yi masa aure. Tausayi ya kama shi, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Sifana mai lamba sha bakwai nake nema."

"Ga ta a hannunka."

Da azahar Yaya ya tafi gida cin abinci kamar kullum, ya ce kada kowa ya taɓa masa famfo kafin ya dawo. Yana shan kwana Ƙarami ya buɗe murfin ya juya shi. A ciki akwai wata roba baƙa, an yanka ta da'ira daidai wa daida, an cusa ta ta toshe 'yar ƙofar iskar. Aikin mai haƙuri ne, an yi shi da almakashi mai kyau. Ya zaro ta ya nufi benci.

"Hajiya, wa ya sa wannan?"

"Ni mana," ta ce, har da ɗan alfahari. "Masu kifi suka ce ƙanƙarata tana warin dizal. Na duba na ga man yana fantsalowa ta murfin in na faɗa rami. Na samo robar cikin taya na yanka. Tun daga ranar ko ɗigo bai fito ba."

"Kwana nawa ke nan?"

Ta fara lissafi da yatsu. Da ta kai sha biyu sai ta tsaya, ta dubi robar, ta dubi motar.

"Kai, Ƙarami. Kada ka gaya mini."

"Ban ce komai ba, Hajiya."

Ya mayar da murfin babu roba, ya fitar da iska, ya tayar da ita. Ya ɗauke ta ya wuce gada, ya dawo, ya sake wucewa. Motar tana tafiya kamar ba ta taɓa sanin wani abu wai shi ciwo ba. Da ya dawo ya bar ta a kunne, ya durƙusa kusa da bencin.

"Don Allah, Hajiya, alfarma ɗaya. In Yaya ya dawo ki bar mini maganar."

"To shi bai ji hucin nan da safe ba? Ni na ji, na ɗauka..." Ta tsaya. Ba ta da wauta ko kaɗan, ban da a kan murfin tanki. Ta dube shi, sannan ta ce a hankali, karo na farko da ya ji ta yi magana a hankali, "Allah sarki. To, na bar maka."

Yaya ya dawo yana sakace haƙori. Sai da ya zo daf da motar ya ga salansa tana hayaƙi, sannan ya san a kunne take. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya bar shi a nan. Ƙarami ya zagayo ta gabansa, ya sosa ƙeya.

"Yaya, ashe gaskiyarka ce, injektar ce. Ni ban kwance ba. Bututun da ke kanta na ga ya yi sako-sako, na ɗan ɗaure, sai ta daidaita."

"Ka ji Mai Kunne!" in ji wani direba. "Ai ya faɗa."

Yaya ya ɗauke hannunsa daga kan motar. Ya buɗe bonet ya sunkuya a kan famfon. Ƙurar da ke kan notocin nan ta shekara ce, ba sifanar da ta taɓa su. Ya shafa ɗaya da yatsa ya duba yatsan. Kunne ne ya tafi, ido yana nan. Ya zagaya motar sannu a hankali, har ya iso benci, inda robar take ajiye kusa da jakar Hajiya, don ta ce roba ce mai kyau, ba za a yar ba. Ya ɗauka, ya shinshina, ya auna faɗinta da ido. Ya je ya buɗe murfin ya cusa ta, ta zauna daram. Ya ɗaure.

"Shiga ka danne totur," ya ce wa Ƙarami.

"Yaya..."

"Shiga."

Ƙarami ya shiga ya danne. Tankin a cike yake, don haka ba a jima sosai ba. Mutanen garejin suka taru suna kallo ba su san abin da suke kallo ba. Can injin ya fara rawar jiki, ya shaƙe, ya yi tari biyu, ya mutu. Yaya ya tsoma bayan hannunsa a bokitin ruwan mai faci, ya kara shi kusa da bakin tankin, ya murɗa murfin da ɗaya hannun, ba tsumma. Ƙarar ta sake tashi, fuuuu, tankin ya yi ɓam. Ya tsaya da jiƙaƙƙen hannunsa a wurin har iskar ta gama wucewa.

Ya yafito Ƙarami, ya dube shi a baki.

"Da ƙarfi take yi?"

Ƙarami ya so ya yi ƙarya, amma ƙaryarsa ta yau ta riga ta ƙare.

"Da ƙarfi, Yaya."

"Da safe ma ta yi?"

"Ta yi."

"Kowa ya ji?"

Ƙarami ya sunkuyar da kai. Yaya ya dubi mai faci, mai faci ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Ya dubi mai shayi, shi kuma ya ga ya kamata ya je ya duba wutarsa.

"Hajiya," in ji Yaya, kuma duk garejin ya ji, don ba ya iya auna muryarsa, "murfi ne. Ba injekta ba ce. Kwana uku na ɓata miki, na narkar miki da kaya. Ba na ji, Hajiya. Na daɗe ba na ji. Ƙarami zai samo miki murfin da ke numfashi kuma ba ya zubar da mai."

"Haba, Mai Kunne, ai laifina ne, ni na..." Amma ya riga ya juya, bai ga bakinta ba.

Ya shiga rumfa, Ƙarami ya bi shi. Yaya yana cire rigar aikinsa, maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ni rufa maka asiri na so in yi."

"Na sani." Ya rataye rigar a ƙusa. "Kana tsammani ban gane tambayoyin nan naka ba? Ni na koya maka aiki. Na san ranar da ka fi ni, ta daɗe da wucewa. Shekara biyu kana ara mini kunne ina zaginka a gaban mutane, in na je gida in kasa cin abinci. Amma ban ji kunya ba, don a gabana kake tsayawa, mu biyu muke yi."

Ya sa hularsa, ya gyara mata zama.

"Da safe ka shigo nan, ba kowa sai mu. Ka tambaye ni sifana. Sannan ka jira na tafi cin abinci, ka gyara, ka shirya mini labari kamar yadda ake yi wa tsohon da ya rikice. Wannan ce ta yi mini ciwo, Ƙarami, ba murfin ba."

Ƙarami ya san duk abin da aka faɗa haka yake.

Yaya ya fita. Ya wuce motar, ya wuce Hajiya da ke tsaye da jakarta a hannu, ya wuce direbobin da suka buɗe masa hanya. Ko la'asar ba ta yi ba, ga bas biyu suna jiran aiki. Ƙarami ya biyo shi da gudu har bakin ƙofa.

"Yaya!"

Ya ci gaba da tafiya a gefen titi, hannayensa a baya.

"Yaya!"

Ya sake kira na uku da iya ƙarfinsa, har masu rumfunan da ke tsallaken titi suka waiwayo. Yaya bai waiwayo ba. Ƙarami ya tsaya a ƙofar yana kallon bayansa, bai san ko bai ji ba ne, ko kuwa wannan karon ya ji.